Baƙinmu na Gindin Gawo

Ƙwal. Ƙarar da gugan gidanmu ya yi ke nan wata safiya, maimakon tsundum ɗin da kunnena ya saba ji tun ina goye. Ni ce a bakin rijiya. Na ja igiya na ji ta sakayau, gugan ya fito da taɓo da ɗan ruwan da bai isa alwala ba. Inna tana tsugune a bakin murhu, ba ta ko waiwayo ba, sai dai na ji ta daina hura wutar. Can ta ce, "Sake zurawa." Na sake. Ƙwal. Kaka, wadda kullum take cewa kunnenta ya mutu in an zo maganar da ba ta so, ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin rijiyar nan ta yi magana ba sai yau. Allah ya sa mu ji alheri."

Abin da ya tono mini wannan safiyar shi ne zuwan da na yi gida kwanan baya. An rufe rijiyar da siminti, ruwa yanzu daga famfo mai amfani da hasken rana ake tara, yara suna murɗa kai ya zubo. Jikokina ba su san nauyin guga ba, ban kuma yi musu fatan su sani ba. Amma da na zagaya bayan gida na tarar an sare bishiyar gawon da ke wurin, an yanka wurin fuloti-fuloti, wani yaro yana buga bulo daidai inda inuwarsa take faɗawa da hantsi, sai na ja na tsaya. Na zauna a kan bulon mutane. Yaron ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya lau, ɗan nan, baƙi na tuna.

A wancan lokacin ina 'yar budurwa, na gama firamare ina jiran a kira ni makarantar kwana. Damina ta yi mana rowa a jere, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mun sha wuya, amma mu muna da rumbu, ko da rabi ne, muna da dangi a birni, muna da kuka da zogale a bayan ɗaki. Waɗanda ke can arewa, hayin iyaka, su fari bai rage musu komai ba. Sai muka fara ganinsu a kan hanyar Gezawa, dogaye, sirara, suna tafe ba sa magana. Mu muna ce musu Buzaye, ko da yake daga baya na gane ba haka suke kiran kansu ba. Yawancinsu wucewa suke su nufi Kano. Wata rana da azahar gida ɗaya suka tsaya a ƙofar zaurenmu, don sun ji karatun yara: namiji mai rawani ya rufe fuska sai idanu, matarsa da ƙullin fatu a ka, 'yar yarinya da ba ta wuce a goya ta ba in tafiya ta yi nisa, sai akuya guda ɗaya. Fara ce, mai dogayen ƙafafu, ba irin jajayen awakinmu gajeru ba. Babu igiya a wuyanta. Duk inda yarinyar ta sa ƙafa, nan take sa tata.

Baba malami ne, yana karantar da yaran unguwa a zaure, yana kuma noma kamar kowa. Ya ba su ruwa daga ɗan abin da muka kwana muna tarawa. Mutumin ya karɓa, ya ba yarinyar, ya ba matar, ya zuba wa akuyar a tafin hannu, sannan ya juya baya ya sha ragowar a ƙarƙashin rawani. Da aka kira salla ya bi sahu. Bayan an idar Baba ya nuna masa gindin gawon da ke bayan gidanmu, inda kangon kakanmu yake, ya ce su huta kwana biyu. Kwana biyun nan ne ya kai su har wata damina.

Inna ta so ta gyara musu ɗakin ajiya, matar ta leƙa ciki ta fito da sauri tana girgiza kai. Da 'yar Hausarta ta ce ba ta iya barci ƙasa tana bisa kanta, sai ka ce an riga an binne mutum. Ta kafa tantinta na fata a gindin gawo cikin ɗan lokaci, ita kaɗai, mijin yana zaune yana hura garwashin shayi. Kaka ta leƙa ta katanga ta ga haka, ta ce, "To fa. Mace ke gini, namiji ke kulle. Ke Maƙwabciya, mijin naki amarya ce da ba a buɗe mata kai ba?" Aka fassara mata da hannu da ƙafa. Matar ta yi dariya har ta dafa ƙasa, ta ce, "Inna tsohuwa, ku kun ɓoye mata, mu mun ɓoye maza. Kowa abin da yake tsoron a sace." Tun daga ranar sunanta ya zama Maƙwabciya, yarinyar kuma Kaka ta raɗa mata 'Yar Gawo. Kaka ta hana kowa a gidanmu ya ce musu baƙi. Takan ce wanda ya sa goshi a ƙasa a bayan ɗanta, ya sha ruwan rijiyarta a shekarar da rijiyar ke magana, ya wuce baƙo.

Rayuwar da suka yi a wurinmu ba irin wadda suka sani ba ce. Mutumin da aka ce ya taɓa mallakar raƙuma da shanun da ba a ganin ƙarshensu, shi ne ya tafi birni ya zama mai gadin wani kanti, yana zuwa ranar Juma'a da ɗan sukari da ganyen shayi a ƙulle a bakin rawani. Maƙwabciya kuwa ta shiga gidaje tana yi wa mata surfe da daka, a ba ta tsaki da dusa. Ba ta iya riƙe taɓarya irin tamu ba, hannunta ya yi ta fashewa, amma ba ta taɓa cewa wayyo ba. Ta iya kitso siriri wanda duk 'yan matan unguwa suka yi ta rububi, ta iya ɗinkin fata. Da aka kawo hatsin agaji, wata jar dawa mai warin buhu, gida-gida aka raba, su kuwa ba gida gare su ba, tanti ne, don haka rabo ya tsallake su. Inna ta ɗauko mudu. Ta auna namu a gaban Baba, ta ware wani a ƙwarya, ta miƙo mini ta ce, "Ke, kai bayan gida." Ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari.

Wahalar ita ce 'Yar Gawo ba ta cin tuwo. An gwada da miyar kuka, an gwada da kuɓewa, ta sa a baki ta yamutsa fuska, in an matsa mata ta amayar. Cikinta bai san komai ba sai nono. Saboda haka ran yarinyar nan a hantsar akuyar nan yake rataye, kowa a gidanmu ya san haka. Kullum da sassafe in ina shara nakan ji tsarr, tsarr, nono yana sauka a ƙoƙo, uwar tana yi wa akuyar wata 'yar waƙa da yarensu. A dama da ɗan garin gero, abincin yini ke nan. Maƙwabciya ta gaya wa Inna cewa akuyar daga garken mahaifiyarta ta fito, ita kaɗai ta rage. Sauran sun kwanta ɗaya bayan ɗaya a hanya, tare da yayyen 'Yar Gawo su biyu. Sau ɗaya ta faɗi wannan, tana tsefe wa Inna kai, ba ta kuma sake ba.

Yarinyar ta liƙe mini. Kafin rani ya raba ta fi iyayenta Hausa nesa ba kusa ba, har ita ke yi musu tafinta. Tana ce mini Yaya. In zan tafi ɗiban ruwa rijiyar gangare tana biye da ni, akuya na biye da ita, 'yan unguwa suna tsokanata wai na zama sarauniya mai dogarai biyu. Ni na koya mata Fatiha, ita ta koya mini yadda ake kiran akuyar, wata kalma da ake karya harshe a tsakiyarta. Duk lokacin da na gwada sai ta faɗi ƙasa don dariya, akuyar kuma ko kunne ba ta kaɗawa.

Yaran yanzu ba za su gane yadda ƙasarmu take ba. Ko a wancan lokacin babu daji a wajenmu. Gona tana jingine da gona tun daga bayan katangarmu har inda ido ya tsaya. Kowace bishiya da mai ita, kowane kara da mai shi, kashin jaki ma in ya faɗi a hanya akwai wanda zai ce na jakinsa ne. Amma da rani, bayan an kwashe amfani, sai a saki dabbobi su bi gonaki yadda suka ga dama, manomi har murna yake don taki suke bar masa. A irin wannan lokacin baƙinmu suka zo. Duk tsawon rani akuyar tana yawo gona-gona tana tsintar 'ya'yan gawo, babu wanda ya ce kanzil. Maƙwabciya ta ɗauka haka ƙasar take, kamar tasu, ciyawa ta Allah ce, ruwa ne kawai ke da mai shi.

Sai ruwa ya sauka. Wanda bai ga fari ba bai san ƙanshin ƙasa ba. Mata suka fito tsakar gida suna kuka, Baba ya tsaya a cikin ruwan da rigarsa yana ta hamdala, Maƙwabciya ta ɗaga 'yarta sama tana guɗa irin tasu. Washegari kowa ya fito da irin da ya ɓoye, irin da aka kwana da yunwa ana kallonsa ba a taɓa ba. Aka yi shuka. Da tsiro ya fara leƙowa, mai shela ya zaga da gangarsa kamar yadda ake yi kowace shekara: mai unguwa ya gaishe ku, ya ce kowa ya ɗaure dabbarsa, wanda tasa ta yi ɓarna shi ya sani. A wurinmu wannan ba labari ba ne. Kowane gida da turakunsa, yara su fita yankan ciyawa a bakin hanya, dabba ta ci a ɗaure har kaka.

Maƙwabciya ta shigo gidanmu tana tambayar me gangar ta ce. Da Inna ta yi mata bayani, sai ta ce, "Ban gane ba. Lokacin da ƙasa babu komai, kun ce ta je ta ci. Yanzu kore ya zo, kun ce a ɗaure?"

Inna ta ce, "Koren nan duk da masu shi, Maƙwabciya."

"Duka?"

"Duka. Har wanda ke jikin katanga."

Ta kalli Inna kamar an ce mata iska ma da mai ita. Amma ta bi. Ta karɓi igiya a hannuna, ta ɗaure akuyar a gindin gawo tana ba ta haƙuri da yarensu.

Dabbar da ba ta taɓa sanin igiya ba, sai ta ƙi ci. Ta yi ta zagaye turke tana kuka har muryarta ta dushe. Na yanko mata ciyawa mai laushi, ta shinshina ta kau da kai. Gawo kuwa, kamar yadda aka san shi, da damina yake zubar da ganye, don haka ko inuwa babu. Tsarr ɗin safiya ya koma ɗis, ɗis. Cikin 'yan kwanaki wuyan 'Yar Gawo ya fito, ta daina bina rijiya, sai ta kwanta a bakin tanti ta ɗora kai a jikin akuyar. Inna ta yi kunu, ta yi fura, yarinyar ta ƙi, ta samo ɗan nonon shanu a wurin Fulani sau ɗaya, amma a shekarar nan nonon shanu sai mai hali. Kaka ta yi ta tofa mata addu'a. Uwar ba ta roƙi kowa komai ba, sai dai na lura kullum da hantsi tana tsayawa a bakin hanya tana kallon gonaki, tana bin kunyoyin shuka da aka ja da ido, kamar mai neman ƙofa a jikin bango.

Wata safiya Inna tana tuƙa tuwo sai ga Maƙwabciya ta shigo da ƙoƙo a hannu, fuskarta kamar ranar salla. Ƙoƙon cike yake da nono har da kumfa. Ta durƙusa ta ajiye a gaban Inna ta ce, "Yarinya ta sha ta ƙoshi. Wannan naki ne, ki sa wa Inna tsohuwa a fura."

Inna ta ce, "Ikon Allah! Ta fara ci ke nan?"

"Na samu daji," in ji ta. "Allah ya bar guda ɗaya, babu mai shi. Ban sake ta ba, igiya tana hannuna. Inda aka yi layi-layi ban bari ta taɓa ba, ko ganye ɗaya. Wannan babu layi, ciyawa ce kawai. Tun shekaranjiya nake kai ta."

Muciya ta tsaya a hannun Inna. "A ina?"

"Bayan rijiyar gangare, wajen tsamiya."

Inna ta saki muciyar a cikin tukunya. Ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta ce da ni, "Bi ta ki gano."

Ni na riga na san wurin. Gonar Baffa ce, wani tsoho da 'ya'yansa maza suka tafi ci-rani ba su dawo ba, suka bar masa jikoki. Ba shi da ƙarfin yin huɗa, don haka tun kafin ruwa ya bi gonar da sungumi ya binne irinsa a shimfiɗe, ciyawa kuma ta taso tare da geron don babu mai nome masa. Ɗan gero sabon tsiro, ga wanda bai taɓa noma ba, ciyawa ce sak. Ƙasar wurin kuma yashi ce, in dabba ta ja ganye da saiwa yake fitowa.

Muka tarar da Baffa a zaune dirshan a tsakiyar gonar. Ya cire hularsa yana tsintar 'yan tsiron da suka zube yana tarawa a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Gefe guda na gonar ya zama fili. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗago ya ce, "'Yar Malam, kin gani? Irin da na hana jikokina ci ke nan. Suna kuka ina cewa su bari sai kaka."

Maƙwabciya ta ce da ni, "Me ya ce? Me yake tsinta?" Na tsuguna na ciro tsiro ɗaya na nuna mata ƙwayar geron da ke maƙale a saiwarsa. Ta karɓa ta duba. Na ga lokacin da abin ya isa zuciyarta. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta sulale ta zauna a yashi nesa da tsohon, su biyu kowa yana kallon ƙasa, ni ina tsaye a tsakani ban san wanda zan fara ba haƙuri ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka zauna a zauren mai unguwa, mijin Maƙwabciya ya dawo daga birni. Ni na kai ruwan sha, na maƙale a soro. Yunwa tana sa mutanen kirki su yi kaushi. Wani ya ce yau gonar Baffa, gobe ta wa? Wani ya ce da ma an faɗa, wanda bai san wahalar noma ba ba zai san darajarsa ba. Baba ya bari suka gama, sannan ya ce lokacin cirar gero ya yi, kowane gida ya kawo abin da ya rage daga gonarsa, a yi gayya a dasa wa Baffa, ruwa yana nan, dashe zai kama in Allah ya so. Baffa ya ce, "Ni na yafe, duniya da lahira. Baiwar Allah nan ba ta sani ba. Da idona na ga sawunta, ta kewaye gonar gyaɗa kamar mai tsoron taka wuta." Aka shafa fatiha. Aka yi gayyar kuwa, har mijin ya karɓi fartanya, yana riƙe da ita kamar sandar kiwo.

Sai dai yafiyar zaure ba ta kai bakin rijiya ba. Mata suka daina kiran Maƙwabciya surfe. In ta zo ɗiban ruwa hira ta mutu. Yara suka ƙirƙiro waƙa, suna bin bayan tanti suna rera wa akuya mai cin gero, Kaka tana korarsu da sanda tana zagin iyayensu ɗaya-ɗaya. Maƙwabciya ta daina bin hanyar gangare gaba ɗaya, ta gwammace ta zagaya ta nesa. Akuya ta koma turke, nono ya sake ja baya.

Juma'ar da ta biyo, mijin ya yi sallama da Baba a zaure. Ya ƙara jan rawaninsa sama ya ce, "Malam, ka ba ni inuwa, ka ba ni ruwa lokacin da ba ka da shi. Dabbarmu ta ci abincin marayu a garinka. Ba za ta ƙara kwana a hannunmu ba." Ya ce mai kantin ya yarda su raɓa a bayan kanti, shi da iyalinsa, amma ban da dabba. Baba ya yi nasiha, ya kawo aya, ya kawo hadisi, ya ce an riga an yafe. Kaka ta aika ni da saƙo, ta ce in faɗa yadda ta faɗa: "Ki gaya wa dogon nan girman kansa ba nono ba ne, yarinya ba za ta sha shi ba." Na faɗa masa. Idanunsa suka yi murmushi, ya ce a gaya wa tsohuwa gaskiyarta, amma akuyar ba tasa ba ce, ta matarsa ce, ita ta yanke shawarar. Inna ta zagaya bayan gida da kanta, abin da ba ta taɓa yi da rana ba. Na ji tana cewa, "Ki dubi yarinyar nan, ki yi haƙuri zuwa kaka, za a saki dabbobi, mutane za su manta." Maƙwabciya ta ce, "Su za su manta. Ni kullum ina ganin hular tsohon nan."

Aka kai wa Baffa akuyar ya ƙi karɓa, ya ce ba zai haɗa hakkin yarinya da nasa ba. Sai aka tsaya a kan a bar ta a turkenmu, nonon a riƙa kai wa jikokinsa.

Daminar nan ta yi albarkar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Dashen Baffa ya kama, ya fi na wasu ma. Da kaka ta yi aka saki dabbobi, na kwance akuyar da hannuna. Ba ta nufi gona ba. Ta zagaya bayan gida ta tsaya a gindin gawo, inda sawun turakun tanti yake, ta yi ta kuka har magariba. Ta rayu, ta hayayyafa, har yau in ka ga farar akuya mai dogayen ƙafafu a unguwarmu jininta ce, ko da yake masu su ba su san daga ina ta fito ba. Baba ya je birni neman su da damin gero bayan girbi, aka ce mai gadin ya tashi. Wani ɗan garinmu ya ce ya ji yarinyar ba ta wuce lokacin ƙyanda ba. Wani ya ce a'a, ya gan su a tashar mota za su koma arewa, su uku. Na zaɓi in yarda da na biyun. Na tafi makaranta, na yi aure a birni, na haifi nawa. Shekara da shekaru in na ga matan Buzaye a bakin titi sai na rage tafiya ina duba fuskokinsu, ina lissafin yadda za ta zama yanzu. Kalmar nan da ta koya mini ta kiran akuya, na riƙe ta tsawon lokaci, sannan wata rana na neme ta a bakina na rasa. A duk sujadata ina sa su, ban san ko addu'ar rayayyu nake musu ba ko ta mamata, Allah shi ya san inda zai kai ta.

Ranar da za su tafi, ranar kasuwa ce, motar Kano tana jira a bakin hanya. Maƙwabciya ta naɗe tantinta kamar yadda ta kafa shi, ita kaɗai. Inna ta ƙulla musu gumba, Kaka ta ciro zanenta na ado ta yafa wa yarinyar, tana ta faɗa wai kowa ya tafi ya bar ta da 'yar boko da ba ta iya ko dama fura ba, hawaye na bin kumatunta. Uwar ta tatsi akuyar karo na ƙarshe, ba ta yi waƙar ba. Sannan ta miƙo mini igiyar, ta juya, ba ta sake waiwaye ba.

Ina tsugune ina ɗaura igiyar a turkenmu sai na ji ɗan hannu a kafaɗata. 'Yar Gawo ce, ta sulale daga wurin uwarta ta dawo, zanen Kaka yana jan ƙasa. Ba kuka take ba. Ta rungume wuyan akuyar ta raɗa mata wani abu a kunne, mai tsawo, kamar mai ba da saƙo. Daga waje uban yana kiranta. Ta saki akuyar ta dube ni da manyan idanun nan da suka faɗa ciki, ta ce:

"Yaya, in kin kira ta ba ta zo ba, kada ki dake ta. Ba taurin kai ba ne. Ba ta jin Hausa."